Akwatin Ƙona Gashi da Kibiyar Bahago

Samarin da ke wuni a rumfar mai cajin waya, daura da maƙerata, suna ganin yin kibiya wasa ne. Kwanan baya ɗayansu ya leƙo ya ce, "Baba Idi, ai kara ne da ƙusa." Ban tanka masa ba, domin ƙarfe na cikin wuta. Yanzu zan ba shi amsa, bi da bi, tun daga farko, ko da yake na san babu wanda zai ɗauki sana'ar nan bayana.

Ni maƙeri ne a wani ƙauye na ƙasar Gidan Sori, kasuwata kuma Gidan Rumji. Na yi lakol, wato makarantar boko, kaɗan, gwargwadon in karanta in rubuta, sannan aka cire ni aka danƙa ni ga ƙanen mahaifina, Baba Na-Allah. Sauran maƙeran gidanmu hauya da lauje da gatari suke ƙerawa. Shi kaɗai ne mai kibau.

Aikin farko da ya ba ni shi ne yankan kyauro, wato karan da ake yin jikin kibiya da shi. Na tafi fadama na yini, na dawo da dami babba ina jin na yi abin kirki. Ya zauna ya riƙa ɗaukar kara ɗaya ɗaya, ya kai gindinsa ga idonsa, ya duba har tsini, ya karya. Da ya gama, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Ya ce, "Wanga ka yanke shi ɗanye. Wanga gaɓarsa ta yi nisa. Wanga tsutsa ta riga ka. Koma." Ana yankan kyauro ne bayan ya bushe a tsaye. A shanya shi a inuwa, ba a rana ba. A gasa wurin da ya karkace bisa garwashi, a miƙe shi da hannu tun yana da zafi. Sai bayan nan ake zancen ƙarfe. A ƙera tsini, a tsaga masa kunnuwa tun yana ja, a ja masa wutsiya siririya wadda za ta shiga cikin kara. A jiƙa jijiyar sa har ta yi laushi, a naɗe mahaɗin da ita, a shafe da ƙaro. A ƙarshe a yanka baki a gindi, inda tsarkiyar baka za ta zauna.

Kibiya ba ta da awo ɗaya. Mai saye zai miƙa hannunsa, ka auna daga kafaɗa zuwa yatsa, ka yanka kara daidai da shi. Idan bahago ne, naɗin jijiyar ma juya shi ake yi ta hagu, don kada gogar baka ta riƙa warware shi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Baba Na-Allah ya kafa mini doka ɗaya wadda ba ta shafi ƙarfe ba. Ranar da na gaya wa wani maharbi cewa maƙwabcinsa ya sayi kibau masu kunne huɗu, sai ya jira mutumin ya tafi, ya ajiye masaba, gudumar ƙira, ya ce, "Manomi na zuwa nan, Bafillace na zuwa nan, mai gaba da wani na zuwa nan. Abin da mutum ya saya, tsakaninka da shi ne. Ran da ka fara faɗi, ran nan ka fara kashe mutane da bakinka." Bai sake maimaitawa ba har ya rasu.

Kibiyarmu ta gado ba ta da gashi. Ba ta buƙata. Maharbi yakan laɓaɓa har kusa da nama, ya harba, ko a cinya ta same shi dafi zai ƙarasa aikin. Amma tsofaffin da suka iya dafa dafi suka ƙare, itatuwan da ake samunsa suka tafi tare da daji, naman da ya rage kuma ya koyi tsayawa nesa. Kibiya marar dafi dole ta tafi a miƙe, ta faɗa inda aka nufa. Ga kuma samari sun ga kibau masu gashi a wayoyinsu, suna zuwa suna ce mini, "Baba, taka tsirara take." Sai na fara manna gashin zabo a gindi ina gyara shi da almakashi. Almakashi ba ya yi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya, bakin gashin ya tarwatse, kibiya ta tafi tana fito tana rawa, kafin ta isa zomo ya ji ta.

Akwatin na same shi ne a Maradi, wurin masu kayan gwanjo, cikin tarin tsofaffin fankoki da tukwanen lantarki da ake kwasowa daga bakin teku. Ɗan ƙaramin akwatin ƙarfe ne mai nauyi, da ginshiƙai biyu gajeru a bisa, da guntun waya faffaɗa a tsinke tsakaninsu, da wata ƴar gwafa a gefe. Mai kayan wani Bazabarme ne, Hamani, abokin wasanmu mu Gobirawa. Da ya ga na ɗauka sai ya ce, "Bagobiri, ajiye. Wanga na masu wayo ne."

Na ce, "Mine ne shi?"

"Na gasa burodi."

"Wane burodi zai shiga nan, bawana? Kai ban da kopto, kwaɗon ganyen nan naku, mi ka taɓa sani?"

"To na gyaran gashin mata ne. Sai ka kai ma uwargida, ko ta daina kallon zanen ga na fuskarka."

Bai san abin da yake sayarwa ba. Ni ma ban sani ba sai da na goge ƙurar gefensa, na ga zanen kibiya kwance bisa gwafar, gashinta na taɓa wayar. Na ɗora babban yatsana kan zanen har muka gama ciniki. Da zan tafi ya ce, "In ya kashe ka, kada ƴaƴanka su zo nan."

Wanda zai sayi irin wannan akwati na hannu, ga yadda zai yi. Ya fara kai shi hanci. In ya ji ƙaurin roba daga ciki, ya ajiye, cikinsa ya riga ya ƙone. Sannan ya girgiza shi kusa da kunne, kada ya ji wani abu na yawo. Sannan ya murɗa ƙusoshin ginshiƙan nan biyu ya ga suna kamawa, domin su ke riƙe waya, kuma in tsatsa ta cinye su ba a samun irinsu. Tsinkewar waya ba aibi ba ne, ana sake ta. Babban abu shi ne kada ya soka shi a wuta kafin mai gyaran rediyo ya buɗe shi. Wasu an yi su ne don wutar ƙasashen da ba ta kai tamu ƙarfi ba. Wani maƙeri a Cadawa ya ga nawa, ya nemo irinsa, ya soka shi a shagon tela don ya gwada. Hayaƙi ɗaya ya yi. Gawar akwatin ma ni na saye daga baya saboda ƙusoshin.

Nawa mai gyaran rediyo na Gidan Rumji ne ya buɗe shi. Da na gaya masa ƙauyenmu babu lantarki, sai ya cire abin da ke ciki, ya fitar da igiya biyu masu baki, ya ce in riƙa kama su ga batirin mota. Wayar kuma ya zaro mini ita daga wani mataccen risho na lantarki, muka buge ta ta yi faɗi. Ni na lanƙwasa ta da awartaki, na ba ta siffar rabin ganyen bedi, wato dogon yaro, tudu a baya, siriri a gaba.

Kibiyar farko da na ƙona ta wani maharbi ce daga wajen Tibiri. Na tsaga gashin zabo biyu ta tsakiya, na kankare ƙashinsa har ya yi laushi, na manna da ƙaro, na ɗaure kai da gindi da zare. Ba a haɗa gashin fiffiken dama da na hagu a kibiya ɗaya, kowane da inda yake karkata. Na bar shi ya bushe sarai, domin ɗanyen ƙaro na sakin gashi in ya ji zafi. Na kama batir, na jira wayar ta yi ja kamar garwashi. In ta yi fari ta yi yawa, za ta tsinke. In ba ta yi ja ba za ta ja gashin ta murtsuke shi. Na kwantar da kibiyar bisa gwafa, na juya ta a hankali, juyi ɗaya, ba tsayawa. Wanda ya tsaya a tsakiya zai bar wa gashin gibi. Abin da ya wuce waya ya zube ƙasa, abin da ya rage ya fito sumul, dukkan gefunan kamar a tukunya ɗaya aka zuba su, da ɗan baƙin layi a bakinsu wanda ke hana su tarwatsewa. Ana yin aikin a cikin zaure, domin iska na sanyaya waya, sai dai warinsa ba ya barin tufafi. Maharbin ya fita bayan gari ya gwada a jikin kuka. Ya dawo ya ce, "Idi, wagga ba ta magana." Wannan shi ne yabon da ake yi wa kibiya.

Shekarun da suka biyo baya su ne na samu. Ina kai kaya Gidan Rumji in dawo da buhu wayam. Daga Agye da Gazawa ake aiko mini. Manoma na saye saboda ɓarayin rumbu da na dabbobi. Makiyaya na saye saboda dila da masu satar shanu. Babban mai sayena shi ne Ardo Buba, shugaban wata rugga da ke biyowa ta ƙauyenmu sau biyu a shekara, in za su hau arewa da farkon damina da in za su gangaro bayan kaka. Tun zamanin Baba Na-Allah yake zuwa. Yakan zauna bisa tabarmata, ya ajiye mini ƙwaryar man shanu, ya kawo ƴaƴansa da ƙannensa in auna hannuwansu.

Akwai abin da wayar nan ta yi wanda ba a lura da shi ba sai daga baya. A da, kibiyar maƙerin Cadawa da ta maƙerin Gidan Sori duk kama ɗaya suke. Mai ita ne ke yi mata shaida da wuƙarsa, in ya so. Yanzu duk kibiyar da ta fita daga zaurena tana ɗauke da rabin ganyen bedi da baƙin layi. Ko yaro ya tsince ta a daji zai ce ta Idi ce.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya makara, ya kuma ɗauke da wuri. Hatsi bai yi ba. Abin da mutane suka sa ido a kai shi ne wake, shi ma yana gona bai gama bushewa ba. A arewa kuma ciyawa ta ƙare, tafkuna sun ƙafe, shanu suka gangaro tun ba a saki gonaki ba. Kowa na da gaskiyarsa, kowa kuma na riƙe da makami.

Wata rana da hantsi ina gyaran lauje sai ga Ardo Buba. Na shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. Ya zaro kibiya daga cikin rigarsa ya ɗora bisa uwar maƙera. Jini ya bushe a kanta har rabin kara. Can gindin bedi, samarin ruggarsa na tsaye da sanduna da takubba, ba su yi sallama ba.

Na ce, "Jam, Ardo?"

Ya ce, "Jam ɗin ke nan, Idi. Daga cikin nagge na zare ta."

Ya gaya mini saniyar ba tasa ba ce. Habbanaye ce, wato saniyar da wani ya ba shi amana ta haifa masa, ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar ga mai ita. Tana da ciki. Ta yi tafiya mai nisa da kibiyar a jikinta kafin ta faɗi, don haka ba a san gonar da aka harbe ta ba. Kafin a kai mata wuƙa ta mutu.

Ya ce, "Taka ce?"

"Tawa ce. Gashin ya faɗa."

"Wa ka sayar ma?"

Na ɗauki kibiyar na juya ta. Naɗin jijiyar ta hagu ya bi. Cikin duk masu sayena bahago ɗaya ne, Ɗan Ladi, wanda katangar gidansa ke jingine da tawa, wanda gonar wakensa ke bakin burtali.

Na ce, "Masu saye da yawa, Ardo."

"Ban tambaye ka yawansu ba. Kai ka auna hannuna kafin ka yi mani kibiya. Ka auna nashi. Ba ka sani ba, ko ba ka faɗi?"

"Ba ni faɗi. In wani ya zo gobe ya tambaye ni abin da ke cikin kwarinka, shi ma abin da zan ce masa ke nan."

"Ni ba jini nike so ba, Idi. Suna nike so, wanda zan kai ma mai nagge, wanda zai tsaya gaban mai gari. In na koma hannu wohi, cewa za a yi na ci amana."

Na nuna gindin bedi da haɓa. Na ce, "Kai ba ka so. Waɗancan fa?"

Ya waiwaya ya dube su. Ya daɗe yana dubansu. Sannan ya ce, "Riƙe ta nan. Ran da bakinka ya buɗe, ina zuwa in amsa." Ya tafi, suka bi shi.

Da azahar na zaga gidan Ɗan Ladi. Na same shi yana sussukar ɗan abin da ya tsira na wakensa, bai kai a zuba a buhu ba. Na ce masa ya tafi wurin mai gari da ƙafarsa, a zauna, a auna ɓarnar gona, a auna saniya, a raba.

Ya ce, "Ka faɗa musu?"

"Ban faɗa ba."

"To mi ya kawo ka? Dubi nan. Abin da zan ci da iyalina ke nan har wata damina. Wa zai tsaya gaban mai gari saboda shi? Kuma kai, maƙwabci, wa ya aike ka ka ɗaura ma kibiya tuta?"

Bai je ba. Mai gari ya kira ni ya tambaye ni, na ba shi amsar da na ba Ardo. Jandarmomi suka zo suka duba akwatin, suka yi tambayoyinsu, suka tafi. Ba a zubar da jini a ƙauyenmu ba a shekarar, kuma ba a biya saniya ba. Ardo Buba ya zaɓi wadda ta fi kyau cikin nasa ya kai wa mai habbanaye.

Abin da ya biyo baya, ga shi a jere. Makiyaya suka daina tsayawa a maƙerata, domin a wurinsu na ɓoye wanda ya kashe musu dabba. Manoma suka daina saye, domin Ɗan Ladi ya bi kasuwa yana cewa Fulani sun san kibiyar Idi, duk wanda ya harba ta sai an biyo sawunsa. Waɗanda suka riga suka saya suka zauna suna fige gashin da hannu. Na ga tarinsa a bola bayan masallaci. Na sake lanƙwasa wayar na canza siffa, aka ce baƙin layin na nan. Na koma yin ta gado marar gashi, aka ce ba ta zuwa nesa. Ana cikin haka samari suka gano bindigar bututu, suka zo suna roƙo in ƙera musu. Na ƙi. Akwai wanda bai ƙi ba, can suke zuwa.

Yanzu gyaran hauya nake yi da ɗaurin ƙota, su ma na kanti sun fi nawa araha. Akwatin na nan. Mata na kawo buhunan roba in yanka musu da shi, domin yankan zafi ba ya zarewa. Aikin da ya rage masa ke nan.

Ardo Buba bai daina biyowa ta ƙauyenmu ba, burtalin nan ne hanyarsa. Sai dai ba ya shigowa. Yakan tsaya a bakin zaure, sanda bisa kafaɗa, ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambayi iyali, sannan ya dubi inda na soke kibiyar a jikin rufi ya ce, "Idi, bakin ya buɗe?" In ce, "Bai buɗe ba, Ardo." Ya ce, "To, Allah shi kai mu wata." Haka kowace hawa, haka kowace gangara. Garken da ke bayansa kuma kowace shekara sai ya ragu.

Bana da kaka ba shi ya zo ba. Ɗansa Sambo ne, wanda na auna hannunsa tun bai fara gemu ba. Bisa moto, wato babur, ya zo, ba shanu a bayansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Baaba ya rasu a arewa cikin damina. Na yi masa ta'aziyya. Ya ce sun raba abin da ya rage, shi Maradi zai tafi neman aikin gadi.

Sannan ya ce, "Baba Idi, ya bar mani saƙo. Ya ce in biyo in tambaye ka."

Ta bayan katanga ina jin muryar ƴaƴan Ɗan Ladi suna ɗaure amalanke. Na ce, "Bai buɗe ba, Sambo."

"Ya ce haka za ka ce. Ya ce in ka ce haka, in ba ka wanga."

Ya kwance wani ƙunshi daga bayan moto ya ajiye a gabana. Bakan Ardo ne da kwarinsa. Ya ce, "Ba mai harbi da su a gidanmu." Na buɗe kwarin bayan ya tafi. Kibauna ne a ciki, cike, waɗanda na yi masa kafin muguwar shekara. Bai harba ko ɗaya ba tun daga ranar. Ƙwari sun cinye gashin, saura ƙashi da zare.

Na rataye su kusa da kibiyar bahago. Yaron da ya ce kara ne da ƙusa, in yana so ya gani, ya shigo zaure ya ɗaga kansa. Ya yi sauri dai, gara ta fara cin kwarin daga ƙasa.